Rikicin Kwabo Ɗaya: Yadda Mutanen Alexandra Suka Ƙaurace wa Motocin Bas a 1957

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata ja-in-ja da aka yi a Afirka ta Kudu cikin shekarar 1957, tsakanin talakawa masu shiga bas da kamfanin da ke ɗaukarsu. Abin da aka yi jayayya a kansa kwabo ɗaya ne tak. Amma a ƙarƙashin kwabon nan akwai babbar tambaya, watau: idan doka ce ta nesanta ma'aikaci da wurin aikinsa, wa ya kamata ya biya kuɗin wannan nisa?

Alexandra unguwa ce ta baƙar fata da aka kafa a 1912, tana arewa da birnin Johanasbag, kimanin mil tara daga tsakiyarsa. A wancan zamani tana cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke iya mallakar fili, don kuwa an kafa ta kafin dokar filaye ta 1913 wadda ta toshe wannan ƙofa. Saboda haka jama'a suka yi cincirindo a cikinta, ga ta kuwa ba wutar lantarki, ba kuma layin dogo da ya haɗa ta da gari. Masu aikin masana'antu da 'yan aikin gidajen Turawa da mata masu wankau, duk ba su da wata hanyar zuwa neman abinci sai bas. Da ma can an sha yin rigima kan kuɗin motar, kamar a 1943 da aka yi kwana tara ana tafiya a ƙasa, da 1944 da aka yi mako bakwai. Bayan wannan ne aka kafa kamfanin PUTCO a 1945 ya karɓi harkar.

Ranar 7 ga Janairu, 1957, PUTCO ya mai da kuɗin tafiya kwabo biyar maimakon huɗu, wai don asara ta yi masa yawa. Wanda ba ya cikin abin zai ga ƙarin bai taka kara ya karya ba. To, amma a lissafa: zuwa da dawowa kwabo biyu ke nan kullum, wanda ke aiki kwana shida a mako kuwa sule guda cur ya fita daga aljihunsa. A gidan da albashi ba ya kai ƙarshen wata, sulen nan daga bakin yara za a cire shi. Ran nan da asuba mutane suka wuce tasha suka bi titin Louis Botha a ƙasa, suna faɗin kalma ɗaya, Azikwelwa, ma'ana ba za a hau ba. Kafin a jima abin ya bazu zuwa Sophiatown da wasu unguwannin Firitoriya, har masu ƙauracewar suka kai kimanin mutum 60,000.

Abin lura shi ne waɗannan mutane ba su daina zuwa aiki ba. Mil goma sha takwas suke takawa kullum, a tsakiyar damina, tunda Janairu a can lokacin zafi ne da ruwan sama. Wani kwamiti da ya haɗa ƙungiyoyin unguwar shi ke jagoranci, amma sai an kawo kowace shawara gaban taron jama'a a fili kafin ta tabbata, sau da yawa ma taron kan yi watsi da abin da shugabannin suka kawo.

Gwamnatin wariyar launin fata ta ɗauki al'amarin a matsayin tawaye. Ministan sufuri, Ben Schoeman, ya lashi takobin karya shi. 'Yan sanda suka riƙa tare hanya suna binciken takardun fas da na haraji, suna sace iskar tayoyin kekuna, suna kuma tsare Turawan da suka ji tausayi suka rage wa mutane hanya a motocinsu. PUTCO shi ma ya yi barazanar janye motocinsa gaba ɗaya.

Waɗanda suka fara gajiya kuwa su ne masu kamfanoni, domin ma'aikacin da ya taka mil tara kafin ya kama aiki ba ya tsinana abin kirki. Ƙungiyar 'yan kasuwan Johanasbag ta kawo dabarar tikiti: mutum ya sayi tikitin kwabo biyar a kan huɗu, ita ta cika sauran. An yi gardama ƙwarai a Alexandra kan karɓar wannan, don wasu na ganin faci ne na ɗan lokaci, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka a watan Afrilu aka koma shiga mota. Cikin wannan shekara majalisar dokoki ta zartar da doka wadda ta ɗora wa masu ɗaukar baƙar fata aiki wani haraji da za a riƙa tallafa wa sufurin ma'aikatansu da shi, kuɗin mota ya tsaya a kwabo huɗu. Gwamnatin da ta rantse ba za ta saurari kowa ba, ita ce da kanta ta mai da nauyin nisan wuyan iyayen gida, ko da yake dokokin da suka haifar da nisan ba ta taɓa ko ɗaya ba. A cikin zafin wannan gwagwarmaya ne kuma ƙungiyar ƙwadago ta SACTU ta fito da kiran a biya kowane ma'aikaci fam ɗaya a rana.