Ka iya lissafin canji, amma "kashi 15" a manhajar bashi ya shige maka duhu? Ga abin da bincike ya gano

Kowa ya san yarinyar da ke tallar gyaɗa a tasha ko yaron da ke tsaron shagon caji. Ka sayi kaya uku masu farashi daban-daban, ka miƙa dubu ɗaya, kafin ka ciro waya ka buɗe kalkuleta ya riga ya ƙirgo maka canjinka daidai. To amma da za ka rubuta masa wannan lissafin a takarda yadda malami yake yi a allo, akwai yiwuwar ya tsaya yana kallonka. Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan abu, kuma abin da suka gano ya shafi duk mai riƙe da waya.

A watan Fabrairun 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi a Indiya. Cikin waɗanda suka yi shi akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda a lokacin suke jami'ar MIT a Amurka, kuma suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sun gwada yara fiye da 1,400 masu sayar da kaya a kasuwannin Kolkata da Delhi. Ma'aikatan binciken sun je ne a matsayin masu sayayya, suna neman awo mai wahalar lissafi, kamar giram 800 na dankalin Turawa da kilo ɗaya da 'yan kai na albasa, kowanne da farashinsa, sannan su miƙa babbar takardar kuɗi. Kusan duk yaran sun fitar da jimla da canji daidai, da ka, ba biro ba takarda.

Sai aka kawo musu lissafi irin na aji. A rukunin farko na Kolkata, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya iya raba lamba mai gida uku da lamba mai gida ɗaya. Lissafin da ya fi wanda suke yi kullum sauƙi, amma ya kayar da su.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ɗaya ɓangaren. An gwada 'yan makaranta kusan 470 waɗanda ba sa zuwa kasuwa. A takarda sun yi ƙoƙari sosai. Da aka ba su wata tambaya ta ciniki wadda fiye da kashi ɗaya bisa uku na yaran kasuwa suka amsa daidai, ɗaya cikin ɗari ne kacal na 'yan makarantar ya ci. Wato kowane ɓangare ya iya lissafi, amma a gidansa kawai.

Ba yau aka fara ganin haka ba. A wani bincike da aka buga a 1985, wasu masu bincike a birnin Recife na Brazil sun bi yara biyar masu talla a titi. An tambayi ɗaya kuɗin kwakwa goma, kowace ɗaya 35. Bai ƙara sifili a bayan 35 ba kamar yadda ake koyarwa. Ya san uku 105 ne, sai ya tara 105 sau uku, ya ɗora 35, ya samu 350. A bakin ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin, a rubuce da lambobi zalla kuma kusan kashi 37. Yara biyar sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, shi ya sa binciken Indiya ya zo da nauyi.

Ina ruwan wayarka da wannan? Kusan duk lambar da waya ke nuna maka da yaren aji take zuwa: kaso cikin ɗari, gigabait, kuɗin ruwa na wata. Kai kuma ƙwarewarka ta gaske tana wajen naira da canji. Ni da nake rubuta manhaja na san cewa mai tsara shafi shi ke zaɓar lambar da za a rubuta da manyan baƙaƙe da wadda za a tura can ƙasa, kuma ba kullum ake zaɓen don sauƙinka ba.

A ce manhajar bashi ta ba ka naira 20,000, ruwa kashi 15, ka biya cikin mako biyu. "Kashi 15" ba ya tayar da hankali. Mayar da shi yaren kasuwa: kashi 10 na 20,000 shi ne 2,000, rabinsa 1,000, jimla 3,000. Za ka biya naira 3,000 don an bar maka kuɗin kwana 14. Idan ka riƙa biyan ruwan kana sabunta bashin, shekara tana da irin wannan zango 26, ka ga 78,000 ke nan, kusan ninki huɗu na abin da ka karɓa, kuma uwar kuɗin tana nan a wuyanka. Da wani ne a kasuwa ya ce maka haka da baki, ba za ka tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Haka data. A ce 1.5GB naira 1,000 ne, 3.5GB kuma 2,500. Ido yana tafiya wajen babba don mun saba cewa sari ya fi araha. Sayi ƙaramin sau biyu da rabi, kuɗin 2,500 ne shi ma, amma ka samu 3.75GB. Babban ya fi tsada ke nan. Wannan dabara ta daidaita kuɗi sannan a kwatanta kaya, ita ce mai awon hatsi yake yi kullum ba tare da ya kira ta da wani suna ba.

Wani zai ce ai ga kalkuleta a waya. Gaskiya ne, sai dai kalkuleta abin da ka danna take lissafawa. Idan ba ka lura cewa kashi 15 ɗin na mako biyu ne ba na shekara ba, za ta ba ka amsa daidai ga tambayar da ba ita ce a gabanka ba. Don haka kafin ka taɓa maɓallin amincewa, nemi lambobi uku a shafin: nawa zai shigo asusunka bayan an cire caji, nawa za ka mayar gaba ɗaya, kuma ranar yaushe. Manhajar da ta ƙi nuna maka su ukun a fili kafin ka amince, rufe ta.