Dashen Itatuwa a Dutse: Darbejiya Kaɗai Ba Ta Wadatar Ba

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, gonaki suka riƙa komawa fulotai. Unguwanni irin su Yalwawa sun bunƙasa, kuma duk inda aka kafa harsashin gini, tsamiya da gawo ke fara shan gatari. Abin da ya rage kuwa, masu itacen girki da gawayi suka ƙarasa.

Yanzu dashe ya dawo. Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin kafa ganuwar itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Sai dai duk inda ka waiga a cikin gari, darbejiya ce ta fi yawa. Dalilin a fili yake: tana jure fari, tana girma da wuri, ɗacinta kuma ya sa akuya ba ta cika damunta ba. Inuwarta ta yi rana. A zafin Afrilu, ƙarƙashinta mai gyaran babur ke baje spanoninsa, dattawa su shimfiɗa tabarma.

Amma ga tsuntsaye da ƙwari, itace iri ɗaya ba ya ciyar da shekara. Gawo yakan yi fure bayan ɗaukewar damina, daidai lokacin da ƙudan zuma ke rasa furanni, 'ya'yansa kuma su zame wa awaki abinci da rani. Kanya da kurna da magarya suna tara tsuntsaye, suna tara yara. A ganina, a nan ne dashen namu ya gaza.

Akwai ƙorafi, ba ƙarya ba ne: saiwa na tsaga katanga, jemagu na ɓata tsakar gida, duhuwar da ba mai sharewa kuma tana ɓoye maciji. Shi ya sa itacen da ke da mai shi ya fi daɗewa. Dubi dabinon Dutse, da har cibiyar bincike gare shi a garin. Mai cin kuɗinsa ba ya barin a sare.

Ban da dashe, akwai wata hanya: a Maraɗi, tun daga 1983, wani mai suna Tony Rinaudo da manoma suka nuna cewa kututturen da aka yi wa sassabe, aka kare tohonsa, yakan koma itace. Irin waɗannan kututtura suna nan a makarantu da maƙabartu da gindin duwatsun Dutse, kuma kare su bai kai sayen irin dashe da shayar da shi tsada ba.