Kwali da Muhallinmu: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Wanda ya ratsa kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara a Jihar Katsina da yamma bayan ta watse zai tarar da kwalaye zube ko'ina: na taliya, na sabulu, na maganin feshi. Tun da aka fara kuka da leda, sai magana ta yawaita a kan kwali, wasu na yabo, wasu na kushe. Ga biyar daga cikin maganganun, mun tankaɗe mun rairaye.

Wai kwali ne ke cinye dazukanmu

Ba haka ba ne. Da itace ake yin kwali, amma ba da kuka ko ɗorawa ko marke ba. Masana'antu sun fi son itatuwan da ake dasawa takanas, irin su turare da malaina da wasu na ƙasashen sanyi. Manyan kamfanonin takarda uku da gwamnatin tarayya ta kafa suna Jebba a Jihar Kwara, wanda ya fara aiki a 1969, da Oku Iboku a Akwa Ibom, da Iwopin a Ogun. Babu ko ɗaya a Jihar Katsina. Abin da ke cin Dajin Rugu da makamantansa shi ne itacen girki da gawayi da sharar sabbin gonaki.

Wai kwali ba ya da illa tunda yana ruɓewa

Rabin gaskiya ce. Yana ruɓewa, ya kuma fi leda sauƙi a gona da magudanar ruwa. Amma illarsa tana can inda ake yin sa. Ana ɓarza itace, a dafa shi da soda mai ƙarfi da wani sinadari mai farar wuta har zarensa ya rabu, aikin da ke lashe ruwa da makamashi mai yawa, yana kuma fitar da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan aka saki ruwan da aka yi aikin da shi cikin kogi ba a tace ba, yana cinye iskar da kifi ke shaƙa. Sannan ba kowane kwali ne takarda zalla ba. Na lemo da madara kusan kashi 75 cikin 100 ne takarda, sauran leda ce da alminiyam, su kuwa ba sa ruɓewa.

Wai farin kwali ya fi mai ruwan ƙasa tsafta

Ƙarya ce. Ruwan ƙasa shi ne ainihin launin zaren itace, ba datti ba ne. Kafin kwali ya yi fari sai an wanke zaren da ƙarin sinadarai, sau da yawa kuma a shafe fuskarsa da farar ƙasa, irin wadda aka san Ƙanƙara da ita, don ya yi santsi ya karɓi tawada. Kowane mataki ƙarin ruwa ne da wuta da haƙa. Ɗan kasuwar da ya zaɓi mai ruwan ƙasa ya rage ɓarna, ba rowa ya yi ba.

Wai tsohon kwali shara ne, sai ƙonawa

Wannan ma ƙarya ce, kuma ita ta fi jawo asara. Tsohon kwali jari ne: a jiƙa shi, a dama, a tace, a shimfiɗa, ya koma sabo. Zaren yana jure haka kamar sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce, kuma aikin bai kai na sabon itace cin ruwa da wuta ba. Shi ya sa ake sayen sa bisa sikeli a manyan birane kamar Kano. Sharaɗin shi ne ya kasance busasshe, babu maiƙo.

Wai tunda akuya na ci, abincin dabba ne

A'a. Yunwar rani ce ke sa ta ci, ba ta kuma samun abin kirki a ciki. Tawada da salatif da ƙananan ƙarafunan da ke jikinsa na iya cutar da ita. Mafi haɗari shi ne kwalin maganin feshi, wanda ke yawaita da damina a yankin noma irin Faskari da Sabuwa. Bai kamata dabba ta ci ba, bai kamata a zuba hatsi ko ƙosai a ciki ba, bai kuma kamata a hura wutar girki da shi ba.

Abin da ke hannunmu ba shi da wuya. A yi ta amfani da kwali har ya gaji, a cire salatif, a ninke, a adana inda ruwa ba ya taɓawa, a sayar wa 'yan jari bola. Shugabannin kasuwanni su ware rumfa guda don tarawa. Masu kukan daji kuwa su duba murhu da buhun gawayi, can matsalar take.