'Yan tawaye ko 'yan ta'adda? Darasi daga Kuala Lumpur

A watan Afrilun 2002 ministocin harkokin wajen ƙasashen Musulmi na ƙungiyar OIC suka yi taron gaggawa a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, domin fayyace ma'anar ta'addanci. Mai masaukin baƙi, Firayim Minista Mahathir Mohamad, ya ba da shawarar a ɗauki duk wanda ya kai hari kan farar hula da gangan a matsayin ɗan ta'adda, ko sojan Isra'ila ne ko Bafalasɗine ɗan ƙunar baƙin wake. Wakilai da dama suka ƙi amincewa, aka watse ba tare da an cim ma matsaya ba.

A fahimtarmu, ɗan tawaye shi ne wanda ya ɗauki makami yana yaƙar gwamnati da sojojinta domin ƙwace mulki ko wani yanki, kuma yana bukatar goyon bayan jama'a. Shi kuwa ɗan ta'adda, jama'ar yake kashewa domin ya cusa tsoro a zukatan saura. Sai dai sau da yawa ƙungiya guda kan haɗa biyun, gwamnati kuma ta zaɓi sunan da ya fi yi mata amfani.

Tarihin Malesiya kansa shaida ne. A 1948 Jam'iyyar Kwaminis ta Malaya, ƙarƙashin Chin Peng, ta shiga daji tana yaƙar Turawan Ingila. Chin Peng ɗin nan Ingila ta taɓa ba shi lambar yabo saboda yaƙar Japan. Da ya juya musu baya, sai suka fara kiran mutanensa 'yan fashi, daga baya suka koma ce musu 'yan ta'addan kwaminis. Ko yaƙin ma ba su kira shi yaƙi ba, dokar ta-ɓaci suka ce, har zuwa 1960. Gaskiya ne mayaƙan sun kashe masu gonakin roba da ƙauyawa, sun kuma hallaka Babban Kwamishina Henry Gurney a 1951. Amma su ma sojojin Ingila sun harbe ƙauyawa 24 marasa makami a Batang Kali a 1948.

Abin lura shi ne, duk da sunan da aka laƙaba musu, an zauna da su. Tunku Abdul Rahman ya gana da Chin Peng a Baling a 1955, tattaunawar ta rushe. Sai a ranar 2 ga Disamba, 1989 aka sa hannu kan yarjejeniyar ajiye makamai a Hat Yai ta ƙasar Tailan. Sulhun ya yiwu ne domin suna da shugabanci guda da bukatar siyasa da za a iya ɗorawa a kan teburi.

Mu dawo gida Najeriya. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa. A 2013 gwamnati ta haramta Boko Haram a matsayin ƙungiyar ta'addanci, sannan a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta sanya 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato cikin wannan sahu. Kafin nan gwamnatocin Zamfara da Katsina sun yi sulhu da su a 2019, bai ɗore ba, domin dabobi ne barkatai, kowacce da ubangidanta, kuma abincinsu shi ne kuɗin fansar talaka.

Saboda haka kafin mu yarda da kowane suna, ko mu goyi bayan kowane sulhu, ya kamata mu tambaya: wa suke kashewa, me suke nema, kuma wa zai iya ɗaukar alƙawari a madadinsu ya cika? Idan aka yi kuskuren amsa, manomi da matafiyi ne ke biya da rayukansu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.