Biyu cikin dubu: lissafin maganin da aka gwada a ƙauyukan Tahoua da Dosso

Daga watan Nuwamba 2020 zuwa Yuli 2023, ma'aikatan lafiya sun riƙa bin ƙauyukan jihohin Dosso da Tahoua gida-gida, duk bayan wata shida. Sukan rubuta sunayen yara, su ɗura musu ruwan magani, idan sun dawo kuma su buɗe rajista su tambayi uwa: wane yana nan? Wance fa? Ƙauyuka 3,000 aikin ya shafa, da yara 382,586 'yan wata 1 zuwa wata 59. Kafin a rufe rajistar, an rubuta rasuwar 5,503 daga cikinsu. Sunan binciken AVENIR, maganin kuwa azitromisin. Ma'aikatar lafiya ta Nijar da masu bincike na gida irin su Ahmed Arzika ne suka yi shi tare da Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, sakamakon kuma ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Agusta 2024.

Ƙuri'a aka jefa wa ƙauyukan, aka kasa su uku. A ƙauyuka 1,273 an ba dukan yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin. A 773 jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 kaɗai suka sha na gaskiya, yayyensu suka sha na kwaikwayo, wato ruwa mai kama da maganin amma babu sinadarin a ciki. A 954 kowa na kwaikwayon ya sha. Uwa ba ta san wanne ɗanta ya samu ba, mai ɗurawar ma bai sani ba. Amfanin ƙuri'a shi ne kada a ce ƙauyukan da suka fi ruwa mai kyau ko suka fi kusa da likita ne aka zaɓa wa magani.

Ga babban sakamakon. Inda aka sha na kwaikwayo, cikin kowane yara 1,000 da aka bi shekara guda, 13.9 sun rasu. Inda dukan yara suka sha azitromisin, 11.9 ne. Bambancin 2 ne, idan kuma aka raba 2 da 13.9 sai a samu kashi 14 cikin 100, adadin da jaridu suka ɗauka.

Mai karatu zai iya cewa, ashe biyu ne kacal? Mu sauko da lissafin ƙasa. Biyu cikin dubu na nufin ɗaya cikin 500. Garin da ke da yara 250 'yan ƙasa da shekara biyar zai tsira da yaro ɗaya duk shekara biyu. Yankin da ke da irin waɗannan yara 100,000 zai tsira da 200 a shekara. Babu uwar da za ta san cewa nata ne ya tsira, domin kabarin da ba a haƙa ba ba ya ganuwa. Shi ya sa sai da ƙauyuka dubu uku kafin a iya ganin abin da idon mutum ɗaya ba zai gani ba.

Wani kuma zai yi mamakin ƙanƙantar 13.9, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya na cewa a Nijar sama da yara 100 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai ba sa cika shekara biyar. Mudu ne daban-daban. Na Majalisar ya haɗa shekaru biyar gaba ɗaya, na binciken na shekara guda ne. A ninka 13.9 sau biyar a ga ya doshi 70. Sannan binciken bai ƙirga jariran da ba su cika wata ɗaya ba, waɗanda mutuwa ta fi yi wa ɗauki. Ba a ba su maganin, saboda yana iya jawo musu toshewar ƙofar tumbi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin kason jarirai. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a taƙaita wannan rabo ga 'yan wata 1 zuwa 11, a kuma yi shi a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa kawai. Hujjarta ba ta banza ba ce: jarirai suka fi mutuwa, kuma rage yawan masu shan magani zai rage saurin bijirewar ƙwayoyin cuta. AVENIR ya auna wannan shawara. Inda jarirai kaɗai suka sha, mutuwarsu ta kasance 22.3 cikin 1,000 a shekara, inda ba a ba kowa ba kuma 23.9. Ragin kashi 6 ke nan, amma masu lissafi sun ce gaskiyar tana iya faɗawa ko'ina tsakanin ragin kashi 19 da ƙarin kashi 8. Tazarar da ta ratsa ta kan sifili ba a kafa hujja da ita, domin tana iya zama dace kawai. Na dukan yara kuwa tazararsa daga ragin kashi 7 ce zuwa 22, duka a ɓangare ɗaya.

To, a ƙauyukan da aka haɗa da yayye, mutuwar jarirai ta sauka zuwa 18.5. Jariri iri ɗaya, magani iri ɗaya, awo iri ɗaya, amma ya fi tsira da kashi 17 cikin 100 idan yayyensa ma sun sha. Duk wanda ya tashi a gidan yawa zai gane dalilin da masana ke hasashe. Yarinya 'yar shekara huɗu ita ke wasa da ƙaninta, ta sa masa hannu a baki, ta yi tari a fuskarsa. Ciwon da ke kayar da jinjiri sau da yawa a hannun 'yan uwansa yake shigowa ɗaki.

Labarin bai faro daga nan ba. An daɗe ana raba azitromisin don ciwon idon da likitoci ke kira tarakoma. A 2009 aka wallafa wani bincike daga Habasha da ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan rabi a inda aka yi rabon. Sai aka shirya gwajin MORDOR a ƙasashe uku, sakamakonsa ya fito a 2018: ragin kashi 18.1 a Nijar, a yankunan Boboye da Loga na jihar Dosso, 5.7 a Malawi, 3.4 a Tanzaniya. Inda mutuwa ta fi yawa, nan maganin ya fi aiki. Da aka bi iyaye aka tambaye su yadda yaransu suka rasu, an ga raguwa a atuni, sanƙarau, ciwon huhu da zazzaɓin sauro.

Akwai wani lissafi daga MORDOR da ya kamata Adarawan jihar Tahoua su riƙe. Da aka auna nisan ƙauye da gidan likita mafi kusa, amfanin maganin ya tashi daga kusan babu a ƙofar likita zuwa ragin kashi 16 a nisan kilomita 5, da kashi 28 a kilomita 10. A Dosso aka auna wannan, amma wanda ya san duwatsun Keita da Bouza, ya san yadda korama ke yanke hanya da damina, ya san ƙauyukan arewa wajen Tabalak inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara, ya san wa alƙaluman ke kwatantawa. Tun 2006 Nijar ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, sai dai kyautar ba ta biyan kuɗin kabu-kabu, ba ta kuma gajarta tafiyar amalanken jaki, musamman ga matar da mijinta ya tafi bida ya bar ta da yara. Birnin Tahoua kuwa ba ya cikin wannan lissafi, domin a karkara aka yi binciken.

Ribar tana tafe da bashi. A MORDOR, bayan shekara biyu, kashi 12.3 na ƙwayoyin ciwon huhu da aka ɗebo daga hancin yara sun daina jin irin wannan magani, a ƙauyukan kwaikwayo kuwa kashi 2.9 ne. Bayan shekara uku zuwa huɗu, alamomin bijirewa a hanjin yaran sun ninka kusan sau bakwai. Wannan ba abin wasa ba ne, domin azitromisin na cikin magungunan da ake komawa gare su idan taifot ta ƙi jin sauran. A ganina, inda yara ke mutuwa kamar yadda suke mutuwa a karkararmu, ribar ta rinjayi bashin, da sharaɗin hukuma ta riƙa ɗibar samfur tana aunawa kowace shekara, ta kuma fara da ƙauyukan da suka fi nisa da likita, ta haɗa da dukan 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ke kuma uwa, ki sani awon da aka gwada miligiram 20 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, sau ɗaya duk wata shida, a hannun ma'aikaci, ga yaran gari baki ɗaya. Ƙwayar da mai talla ke sayarwa ranar kasuwa ba ta cikin wannan bincike. Idan jikin yaro ya yi zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko zawo ya ƙi tsayawa, a kai shi likita a ranar, ko da ya sha na rabon.