Masu duba da damanar Damargu: mi ya sa maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa?

A ƙasar Damargu, daga Falanko har Tanut da Belbeji, da zarar watan Mayu ya kama, tambaya guda ce a bakin kowane magidanci: yaya damana za ta kasance? Tambayar ba ta hira ba ce. A Tanut ruwan shekara ba kasafai yake kai milimita 300 ba, kuma iyakar noma da dokar 1961 ta shata ba ta da nisa da nan. Wanda ya yi bizne, wato ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko, idan yayyafi ya tsirar da hatsin sannan sama ta ɗauke har sati uku, ya yi asarar irin da ya hana ma ƴaƴansa ci tun kaka. Wanda ya yi jinkiri kuma, ruwa na iya janyewa cikin Satumba hatsinsa bai nuna ba.

Inda akwai irin wannan fargaba, masu amsa ba su ƙaranci. Akwai malamin da ke bugun ƙasa, ya baje rairayi ya ɗiga layuka ya fitar da gidaje 16. Akwai mai lissafi da sunan mutum da na mahaifiyarsa. Akwai boka, akwai ƴan bori. Can yamma, a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, aznan garin na yin bikin arwa kowace shekara, inda ake bayyana ma jama'a abin da shekara ta ƙunsa, har hukumomi na halarta. Malaman addini sun sha tunatar da cewa saukar ruwa na cikin gaibun da Allah ya keɓe ma kansa saninsa, amma wa'azin bai rage ma masu duba ciniki ba.

Abin lura shi ne yadda ake ɗinka maganar. Mai duba zai ce ruwa zai sauka, amma ba ko'ina ba. Wasu za su cika rumbu, wasu za su yi kuka. Akwai alamar ƙwari daga gabas. Wani babban icce zai faɗi. Mai karatu ya ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya nemi shekarar da ba su tabbata ba. A Damargu hadari guda na iya jiƙa gonar wannan ƙauye ya tsallake ta maƙwabcinsa, don haka "ba ko'ina ba" gaskiya ce tun kafin a buga ƙasa. Ƙwari kuwa, in ba farar da ta mamaye ƙasa a 2004 ba, to tsutsar zangarniya ce ko tsuntsaye. Shi kuma babban icce, a 1987 Janar Seyni Kountché ne, a 1989 Diori Hamani, a 1999 Ibrahim Baré Maïnassara. Shekarar da babu shugaban da ya rasu, akwai wani sarki, ko limami, ko attajirin kasuwa. Bayan an yi jana'iza ne jama'a ke saka ma iccen suna, sai a ce ai malam ya faɗi.

Ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce ta sadaka. Za a ce masifa na tafe, sai dai in an fitar da farin goro, ko jan zakara, ko tiya bakwai ta hatsi. In masifar ba ta zo ba, sadaka ce ta kare. In ta zo, ba a fitar da sadakar yadda aka ce ba, ko an makara. Ta kowace fuska mai duba ya fita, tiya bakwai kuma ta fita daga rumbun da dama bai kai ga kaka ba.

Dabarar tsohuwa ce. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ba da labarin Croesus, sarkin Lidiya, wanda ya aika tambaya wurin bokanyar Delfi kafin ya yaƙi Farisa, wajen shekara 550 kafin haihuwar Annabi Isa. An amsa masa cewa in ya kai yaƙin, wata babbar daula za ta rushe. Ya kai, daula ta rushe, amma tasa ce. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba ma ɗalibansa 39 takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewar bayanin da su, makin da suka ba shi ya kai wajen 4,3 bisa 5. Ashe takarda iri guda ce ya ba su duka, ya tsinto kalmominta daga wani littafin taurari na kasuwa. Mutum shi ke cika gurbin da mai duba ya bari, da abin da ke cikin ransa.

Wanda ya yi gangancin faɗin rana da wuri, shi ne ke shan kunya. Paco Rabanne, shahararren mai zanen tufafi a Faransa, ya sanar cewa tashar sararin samaniya ta Rasha mai suna Mir za ta faɗo ma birnin Paris ranar husufin 11 ga Agusta 1999, yana mai dogaro da baitocin Nostradamus. Ranar ta zo ta wuce, ƴan Paris suka yi ta dariya. Mir sai a watan Maris 2001 aka sauko da ita da gangan cikin tekun Pasifik. Nostradamus kuwa, da ya rubuta nasa cikin duhun magana tun 1555, har yau ana sayar da littafinsa.

Bai kamata a haɗa wannan da sanin tsofaffin manoma ba. Dattijon da ke lura da zuwan shamuwa, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da gawo in ya fara zubar da ganye, abin da ido ke gani yake karantawa, kuma in ya kuskure kowa zai shaida.

Haka ma hasashen masana yanayi. Tun 1998 cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, da cibiyar ACMAD da ma'aikatun yanayi na ƙasashen yankin ke taruwa kafin damana su fitar da hasashe. Su ma ba su cewa tabbas. Suna kasa zato kashi uku: ruwa ya zarce yadda aka saba, ya yi daidai, ko ya gaza, kowane da adadinsa cikin ɗari. Wani zai ce wannan ma ai kwana-kwana ce. Bambancin shi ne an rubuta, an sa kwanan wata, kuma a ƙarshen damana ma'aunin ruwa zai gaskata su ko ya ƙaryata su, kamar yadda ya sha yi a wasu shekaru da wasu yankuna. A watan Afrilu 2024, a taron Abuja, sun ce a shirya ma damana mai ruwa da yawa da ambaliya a Sahel. A Nijar mutane kusan 400 suka rasu a ambaliyar wannan shekara, kuma ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe.

Sai dai taswirar masana tana rufe Damargu duka da launi guda, ba ta san gonar Falanko daga ta Gangara ba, ba ta kuma faɗin ranar da za a yi shibka. Takardar na fitowa cikin Faransanci, ta bi ofis-ofis kafin rediyon karkara ya juya ta cikin Hausa ko Tamajak, wani lokaci an riga an yi bizne. Mai duba kuwa yana zaune bakin kasuwa kowane mako, ya san sunan mai tambaya, ya san nawa ya girbe bara.