SIWES: Ina ɗalibin Arewa zai koyi aiki?

A 1973 hukumar ITF, mai hedikwata a Jos, ta ƙirƙiro shirin SIWES, bayan masu masana'antu sun koka cewa masu kammala karatu sun san takarda amma ba su iya aiki ba. Ɗalibin jami'a kan shafe wata shida a masana'anta ko ofis, yana rubuta abin da ya koya a kundin da ake sa wa hannu.

Gizo na saƙar ne wajen samun gurbi. Tun durƙushewar masaƙun Kaduna da masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai, ɗalibi marar uwa a gindin murhu kan ƙare a ofishin da aikinsa bai wuce ɗauko fayil ba, duk da haka kundinsa ya cika taf.